Gidan haya a ƙasar Gobir: Ɗan haya ya gyara, wa zai biya?

Hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar Sakkwato ta Najeriya sun mayar da manoma da dama, waɗanda a da ba su san kwana a ɗakin da ba nasu ba, 'yan haya a garuruwan Sabon Birni da Isa da kuma birnin Sakkwato.

Wannan sauyi ya zo da wata tambaya da ba kasafai ake jin ta a labaran yankin ba, amma wadda kan iya raba mutum da ɗan abin da ya tsira da shi.

Shin ɗan haya yana da ikon sa ƙyaure, ko kafa danga, ko haƙa masai a gidan da ba nasa ba? In kuwa ya yi, wa zai ɗauki nauyin kuɗin, kuma na wane ne abin a ranar da aka ce ya tashi?

Daga gidan gado zuwa gidan haya

Garin Gangara da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, yana cikin wuraren da rikicin ya fi yi wa illa.

A watan Mayun 2020 an kai jerin hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar, kuma na ƙarshen watan kaɗai ya halaka aƙalla mutane 60.

A watan Nuwamban 2021 jaridun Najeriya suka ba da rahoton cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu shugabannin a wasu garuruwan yankin, ciki har da Gangara, tare da ɗora wa jama'a haraji.

Wata guda bayan haka aka ƙona wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, inda 'yan sanda suka ce mutane 23 suka rasu.

Sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da kuma rasuwarsa a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024, sun ƙara nuna wa mazauna yankin cewa komawa gida ba abu ne na yau ko gobe ba.

Wasu sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi a Nijar, musamman yankin Gidan Rumji, inda Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen tsugunar da su a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori.

Amma rahotannin Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, sun sha nuna cewa mafi yawan waɗanda rikicin arewa maso yammacin Najeriya ya raba da muhallinsu ba a sansanoni suke ba. Suna zaune ne a cikin jama'a: wasu wurin 'yan uwa, wasu a makarantu da kangaye, wasu kuma a ɗakunan haya ko na aro.

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Sabon Birni tana da mutane sama da dubu 200, Isa kuma kusan dubu 150, akasarinsu mazauna karkara ne. Idan ƙauyuka suka kwararo cikin gari, to ɗakin da a da ake ajiye hatsi ko dabbobi a cikinsa shi ma sai ya zama abin nema.

Gyaran da ya zama dole

A manyan biranen duniya, idan ana maganar ƙananan gyare-gyare a gidan haya, galibi ana nufin buga ƙusa don rataya hoto, ko sauya launin fenti, ko sa labule.

A Sabon Birni ko Isa kuwa, abin ya wuce ado.

Magidancin da ya zo da mata da 'ya'ya mata yana bukatar zana ko danga da za ta suturta iyalinsa daga idon maƙwabta. Yana bukatar ƙyaure mai sakata da kwaɗo, a yankin da tsoro ya zama abokin kwana.

Matarsa na bukatar rumfar girki. Idan iyalai uku ko huɗu suka taru a gidan da aka gina domin iyali ɗaya, masai ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Haka kuma ginin ƙasa ba ya jiran shawara. Idan damina ta gabato ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa ne zai yanke hukunci, kuma ba kayan mai gida ne za su jiƙe ba.

Sai dai waɗannan ayyuka ba su da araha. A farkon 2024 farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10 a sassa da dama na Najeriya, duk kuwa da cewa akwai babbar masana'antar siminti ta kamfanin BUA a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce hauhawar farashin kaya ya kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024.

Ga mutumin da aka raba da gonarsa da shanunsa, kuɗin ƙyaure ɗaya da bandir guda na kwano na iya zama duk abin da ya rage masa a duniya. Shi ya sa tambayar wa ke da abin bayan an gama aiki take da nauyi.

Dokar da aka gada daga Turawa

Sha'anin haya a Najeriya yana hannun jihohi ne, don haka babu doka guda da ta game ƙasar baki ɗaya.

Amma kotunan majistare da manyan kotuna suna aiki da wata tsohuwar ƙa'ida da aka gada daga Ingila, wadda ke cewa duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ya zama na mai ƙasar.

Tun a 1936, a shari'ar Francis da Ibitoye, kotu ta yanke hukuncin cewa ginin da mutum ya yi a filin wani ba da izininsa ba ya zama mallakar mai filin.

Ma'anar wannan ga ɗan haya ita ce, katangar da ya ɗaga, ko daɓen simintin da ya yi, ko ramin masan da ya haƙa, sun zama wani ɓangare na gidan tun daga ranar da aka gama su.

Akwai sassauci guda. Abubuwan da ɗan haya ya sa don amfanin kansa ko don sana'arsa, kamar fanka, ko kanta, ko farantin sola, yana da ikon cire su kafin wa'adinsa ya ƙare, muddin cirewar ba za ta yi wa ginin ɓarna ba.

Jihar Legas ta fayyace al'amarin a dokar haya da ta kafa a 2011. Dokar ta hana ɗan haya sauya fasalin gida ko ƙara wani abu a jikinsa sai da rubutaccen izinin mai gida.

Amma kuma ta ba shi haƙƙin neman diyya idan ya inganta gidan da rubutaccen izini, daga baya mai gidan ya kawo ƙarshen hayar.

Abin lura a nan shi ne kalmar rubutacce. A wuraren da ake ƙulla haya da baki, a zaure ko ta hannun dillali, ba tare da ko rasit ba, irin wannan kariya takan tsaya a kan takarda.

Abin da ya rage wa ɗan haya shi ne wa'adin tashi. A galibin dokokin jihohi, idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biya mako-mako ana ba shi mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya shekara-shekara kuma watanni shida, sannan a ƙara masa kwanaki bakwai kafin a je kotu.

Kotun Ƙoli ta jaddada a 1986, a shari'ar gwamnan soja na jihar Legas da Cif Emeka Ojukwu, cewa ba a fitar da mutum daga gida da ƙarfin tuwo alhali magana na gaban kotu, ko da gwamnati ce.

To amma wa'adi yana kare zama ne kawai na ɗan lokaci. Ba ya dawo da kuɗin da aka zuba a jikin bango.

Abin da Malikiyya ta tanada

Ga yawancin mutanen Gangara da maƙwabtansu, idan saɓani ya fi ƙarfin mai unguwa, gaban alƙali ake nufa, ba gaban majistare ba.

Kotunan shari'ar Musulunci a jihar Sakkwato suna bin mazhabar Malikiyya ne, kuma littattafan da alƙalai ke komawa gare su, irin su Muhtasar na Shaihu Halil da sharhin Shaihu Dardir a kansa, sun yi bayani dalla-dalla a kan hayar gidaje.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a mashahurin ra'ayin mazhabar ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, ko da yake wasu malamanta sun saɓa wa hakan.

Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi: ko ya warware yarjejeniyar ya fita, ko ya ci gaba da zama ya biya cikakken kuɗin haya.

Wannan zaɓi yana da ma'ana ga wanda yake da wurin zuwa. Ga wanda ƙauyensa ya zama kufai, zaɓin ɗaya ne.

Idan ɗan haya ya yi gyaran da kansa ba tare da izini ba, malaman suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi sa kai. A ƙarshen wa'adi mai gida zai zaɓa: ko ya ce masa ya kwashe kayansa, ko ya biya shi ƙimar kayan a warwarensu, ba ƙimar aikin a tsaye ba.

A aikace ke nan zai iya samun wani abu a kan kwano da azara da ƙyaure, domin ko an cire su suna da daraja. Amma yaɓe da fenti da ladan magini sun tafi ke nan.

Idan kuwa da izinin mai gida ya yi aikin, hukuncin ya sauya: yana da haƙƙin ƙimar abin a tsaye. In har mai gidan ya ɗauki alkawarin biyan abin da aka kashe, to wajibi ne ya biya duka.

Bugu da ƙari, mazhabar ta halatta a yi sharaɗi tun farko cewa ɗan haya zai yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba a kansa. Ta kuma halatta a fayyace wanda zai ɗauki nauyin yashe masai.

Wato ɗaruruwan shekaru kafin rikicin yau, malaman fiƙihu sun riga sun yi magana a kan ainihin abubuwan da ke damun ɗan haya a Sabon Birni: rufi, da yaɓe, da makewayi.

Duk da bambancin tushensu, dokokin biyu sun haɗu a wuri guda. Wanda ya nemi izini kafin ya taɓa bango yana da abin riƙewa, wanda kuma ya fara aiki sannan ya zo neman kuɗi ya sa kansa a hannun tausayin mai gida.

Aro da haya

Akwai kuma waɗanda ba haya suke yi ba. Wani mai hali ne ya ba su kango ko fili, ya ce su gyara su zauna har Allah ya kawo sauƙi.

Irin wannan karamci shi ne ya riƙe dubban mutane a yankin a lokacin da agajin hukuma bai isa ba. Amma a nan ne haɗarin asara ya fi yawa, domin kango ba ya zaunuwa sai an yi masa rufi da ƙofa, kuma babu wanda yake son ya kawo maganar sharaɗi ga mutumin da ya yi masa alheri.

Matsalar takan taso ne idan mai kangon ya rasu magada suka zo rabo, ko ya sayar da wurin, ko ya ga cewa ginin da aka rufa yanzu zai iya kawo kuɗin haya.

A nan ma Malikiyya ba ta bar mai aro haka nan ba. Idan an ba mutum aron wuri da izinin ya yi gini, aka kuma nemi fitar da shi kafin ya ci moriyar wurin gwargwadon lokacin da al'ada ta sani, to sai an biya shi abin da ya kashe ko ƙimarsa.

Amma alƙali da hujja yake aiki. Idan wanda ya ba da izinin ya riga mu gidan gaskiya, kuma babu shaida, to da wuya mai aro ya tabbatar da maganarsa.

Hujjar masu gidaje

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk mai gidan da ya hana gyara mugu ne.

Masu gidajen haya a garuruwa irin su Isa da Sabon Birni ba manyan attajirai ba ne. Akwai tsofaffin ma'aikata, da zawarawa, da marayun da suka gaji ɗakuna biyu ko uku, kuma su ma rikicin ya durƙusar da kasuwanninsu.

Suna da dalilan fargaba. Masan da aka haƙa a gindin katangar ƙasa zai iya kayar da ita a damina guda, ko ya gurɓata rijiyar gidan. Tagar da aka fasa ba bisa ƙa'ida ba tana raunana bango, ko ta leƙa cikin gidan maƙwabci, abin da shari'a da al'ada duka suka hana.

Wayar lantarkin da wanda bai ƙware ba ya ja tana iya jawo gobara.

Akwai kuma tsoron cewa ɗan haya zai yi aikin da ba a sa shi ba, ya ƙiyasta masa kuɗi yadda ya ga dama, sannan ya daina biyan haya da sunan yana cire abin da ya kashe.

A ɗaya ɓangaren kuma, babu abin da zai hana mai gida ƙara kuɗin haya da zarar ɗakin ya yi kyau, a wurin da masu nema suka fi ɗakunan yawa. Idan haka ta faru, ɗan haya ya biya sau biyu ke nan, ko kuma ya gyara wa wani: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wasu ƙasashen sun warware matsalar ne ta hanyar raba gyara gida biyu.

A Faransa, dokar haya ta 1989 ta hana mai gida tsaya wa ɗan haya a kan ƙananan gyare-gyaren da ba su sauya fasalin gidan ba. Amma fasa bango ko sauya tsarin ɗakuna sai da rubutaccen izini.

A jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya, sauye-sauyen da suka fara aiki a watan Maris na 2021 sun jera abubuwan da ɗan haya zai iya yi ba tare da neman izini ba, kamar sa labule, da kuma waɗanda mai gida ba zai hana ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar sa wayar sauro a taga.

Ba a ɗauko irin waɗannan dokoki a dasa su a ƙasar Gobir yadda suke, domin can ana hayar ne da takarda, akwai kuma hukumomin da ke sa ido. Amma darasin da ke ciki ba baƙo ba ne: a bambanta abin da za a iya cirewa ba tare da ɓarna ba, da abin da ya shiga jikin gini.

Zana da rumfa da kwaɗo suna ɓangare na farko. Masai da taga da katanga suna ɓangare na biyu.

Tun ran gini, ran zane

Majalisar dokokin jihar Sakkwato tana da ikon rubuta irin wannan rarrabewa a doka, ta kuma amince da izinin da aka bayar a gaban shaidu, ba rubutacce kaɗai ba.

Amma ko kafin a kai ga haka, abin da ɗan haya ke bukata bai fi ƙarfin masu unguwanni da limamai da hakimai ba.

Abubuwa huɗu ne ya kamata a tsayar kafin a kira magini: wane aiki za a yi, nawa zai ci, shin za a cire kuɗin daga haya ne ko za a biya a ranar tashi, sannan tsawon wane lokaci mai gida ya yi alkawarin ba zai ƙara haya ko ya tayar da mutum ba.

Shaidu biyu da 'yar takarda, da boko ko da ajami, sun isa. Hatta saƙon murya a wayar salula ya fi babu, ko da yake katse layukan sadarwa da aka yi a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumban 2021 ya nuna cewa takarda ta fi waya tabbas.

Ƙungiyoyin agaji ma suna da rawar takawa. Duk wadda za ta ba ɗan gudun hijira kwano ko siminti don ya rufa ɗakin wani, ya kamata ta fara zaunar da shi da mai ɗakin a tsayar da magana, in ba haka ba agajin zai ƙare ne a hannun wanda ba shi aka nufa ba.

Babban maganin dai shi ne zaman lafiyar da zai ba mutanen Gangara da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa damar komawa gidajensu, inda ba su bukatar izinin kowa kafin su yi yaɓe.

Kafin zuwan wannan rana, kowace damina za ta tarar da wasu iyalai a ƙarƙashin rufin da ba nasu ba, kuma dole wani ya gyara shi.